Baffana ya rasu, ɗan'ubansa ya ce ba ni da gado

Tambaya: Barista, baffana ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu, babu namiji, iyayensa kuma sun daɗe da rasuwa. Mahaifina shaƙiƙinsa ne, amma ya riga shi rasuwa. A hannun baffa na tashi, ni na yi jinyarsa. Yanzu ƙaninsa da suka haɗa uba kaɗai ya ce ba ni da ko ƙwandala. Ba ni na fi shi kusanci ba? Ko in nemi gwajin DNA?

Amsa: Allah ya jiƙan baffa. Malam, ba zan ɓoye maka ba, a wannan gaɓar ƙanin nasa ne da gaskiya.

Wurin tantance asaba, wato masu kwashe ragowar gado, alƙali yana fara duba ɓangaren da mutum ya fito, sannan tazarar da ke tsakaninsa da mamaci. Sai tazara ta zo ɗaya ake fifita shaƙiƙi a kan ɗan'uba. Shi ta kakanka ya sadu da baffa kai tsaye, kai kuwa sai ka bi ta mahaifinka tukuna. Da mahaifinka yana raye, da shi zai kore ɗan'uban. Amma wanda ya riga rasuwa ba ya barin gurbinsa ga ɗa.

A ce dukiyar naira miliyan 24 ce bayan an fitar da kuɗin jana'iza, bashi da wasiyya. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3. 'Ya'yan biyu sulusi biyu, miliyan 16. Ragowar 5 na ƙaninsa ne.

DNA kuwa asarar kuɗi ce. Ba wanda ya musanta nasabarka, kuma a lissafin masana kai da shi kowa kimanin kashi 25 cikin 100 ya haɗa da mamacin.

Inda nake ganin ƙofa shi ne wasiyya. Tunda kai ba magaji ba ne, in baffa ya yi maka wasiyya tana aiki har zuwa sulusin dukiya. Nemi takarda ko shaidun da suka ji daga bakinsa. Haka in ya ba ka gona ko shago kyauta yana da lafiya, ka kuma karɓa kana amfani da shi, wannan ya fita daga gado. Kuɗin asibitin da ka biya da niyyar rance bashi ne, tattara rasiɗai ka gabatar wa kotun shari'a kafin a yi rabo.

In duk babu, ka nemi dattawa su zauna da magada a yi sulhu. Aya ta 8 a Suratun Nisa'i ta kwaɗaitar da a ɗan ba dangin da suka halarci rabo, sai dai alƙali ba ya tilasta wannan.