Amsa ga mai son kai yara dalar Giza da ɗan jagora

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki cewa za ku raka Hajiya ganin likita a Alƙahira, kuma kina so ki ware rana guda ki kai yaranki su ga dalar Giza, amma kin rasa ko ki ɗauki ɗan jagora naku na kanku da mota, ko ku shiga motar 'yan yawon buɗe ido da otal ke haɗawa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ban iya wuce tambayar nan ba, domin irin tafiyar da ta kai mu ke nan, kuma abin da ya same ni da 'yata a wurin har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Ki ɗauki ɗan jagora naku na kanku, wannan babu ja a ciki. Motar jama'a ba za ta tsaya ba don yaronki yana jin fitsari, kuma ba za ta juya ba don ƙaramar ta fara amai. Sai dai ɗaukarsa ba ya wadatarwa idan ba ke ce kika tsara masa ranar ba, kuma kika sa ya amince da tsarin a rubuce kafin kuɗinki ya shiga hannunsa.

Namu ya zo da sassafe cikin fara'a, yana ta kirana da sunan girma, yana wasa da yara, har maigidana ya ce mun dace. Muna kama hanya sai ya ce akwai wani gidan tarihi na gwamnati da ya kamata yara su fara gani, inda ake nuna yadda ake yin takardar bardi ta mutanen da. Ashe shago ne. Aka zaunar da mu, aka kawo shayi, aka jiƙa ciyawar aka danne ta a gabanmu, daga nan aka shiga fito da zane-zane ana faɗin farashi. Muka fito, ya ce saura wurin turare, wai ƙanin abokinsa ne kuma ba dole ba ne mu saya. Duk sanyin safiyar nan a cikin shaguna ya ƙare, shi kuwa yana gefe yana jiran kamashonsa a kan duk abin da muka ɗauka. Ba mu isa Giza ba sai da rana ta take tsaka, ga shi filin nan babu itace ko ɗaya, yashi ne da dutse suna mayar wa mutum da zafi a fuska.

A nan ne ya dage lallai sai mun sayi tikitin shiga cikin babbar dalar Sarki Khufu, wanda daban yake da na shiga fili, yana cewa wanda ya zo bai shiga ba kamar bai zo ba ne. Na tambaye shi da bakina ko yara za su iya, na gaya masa 'yata mai shekara 7 tana da ciwon asma, ya ce ko jarirai ana shiga da su. Bai gaya mana cewa shi ba zai shiga ba sai da muka kai bakin ƙofa, ya miƙa mana tikiti ya ce yana jiranmu a mota.

'Yar'uwa, ki saurare ni da kyau a nan. Ana shiga ne ta wani rami da aka fasa a jikin dutsen, wanda ake danganta shi da Halifa Ma'amun na Abbasiyawa. Bayansa akwai wani lungu mai hawa wanda tsayinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, babba sai ya duƙa, kuma haka zai yi ta tafiya a duƙe kusan mita 40 a kan katako, masu hawa da masu sauka duk a hanya guda suna gogar juna. Babu iska, sai zufa da numfashin mutane. Muna tsakiyar lungun nan 'yata ta damƙe hannuna, tafinta jiƙe sharkaf, ta ce, "Umma, numfashina ba ya fita." Na juya ban ga hanyar komawa ba saboda layin mutane a bayanmu, gaba kuma ban san iya nisanta ba. Abin shaƙarta yana cikin jakar da ɗan jagoran ya ce mu bari a mota don kada ta yi mana nauyi. Ina jin ƙirjinta yana kuka irin wanda duk uwar mai asma ta sani, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ƙaninta ya ga ina hawaye shi ma ya fashe da kuka. Mahaifinsu ne ya rungume ta a ƙirji ya dinga sauka da baya a tsugune, yana roƙon mutane da Larabcin da bai iya ba, wata tsohuwar Baturiya da ban sani ba ta matsa ta manne da bango ta miƙo mana ruwanta. Allah ya saka mata da shiriya.

Da muka fito da yarinya a hannu, mutumin nan yana zaune a mota da na'urar sanyi a kunne yana waya. Bai tashi ba. Da ta samu ta shaƙi maganin ta ɗan dawo hayyacinta, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne yara sun saba yin haka, yanzu sai mu je su hau raƙumi su ware. Na dube shi na rasa abin faɗa. Ya san tana da asma, ni na gaya masa. Ya san yadda cikin yake, domin sana'arsa ce. Kuma da yamma bai ji kunyar tsayawa a ƙofar masaukinmu yana jiran bakshish, wato tukuici, ba. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma wannan har yanzu ina fama da zuciyata a kansa. Abin da ya ƙara ɓata mini rai daga baya shi ne da na ji cewa ɗakin da ake wannan wahala don a gani babu komai a ciki sai akwatin dutse wanda ba gawa, bangon kuma ba rubutu ba zane. Don Allah kada ki shigar da ƙaramin yaro. Girman dalar daga waje ake ganinsa: an gina ta shekara wajen 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma yaro ya tsaya a gindin dutse ɗaya ya ga ya kusa kai shi tsawo ya ishe shi mamaki. Hawa jikinta kuma doka ta hana, ki riƙe masu ƙiriniya.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne Saƙƙara, wadda take kudu da Alƙahira kamar tafiyar kilomita 30. Wani ɗalibinmu na Azhar ne ya haɗa mu da wata mata mai lasisin jagora daga ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma ki nemi ganin katin duk wanda za ki ɗauka. A can ne dalar Sarki Zosar mai hawa shida take, wadda magininsa Imhotep ya tsara, kuma ta girmi ta Khufu. Amma ba ita ce ta kama yarana ba. Matar nan ta kai su kabarin wani babban ma'aikacin fada mai suna Ti, inda aka sassaƙa rayuwar yau da kullum a bango, ta durƙusa daidai tsayinsu ta ce su nemo mata kifi, su nemo dorina. Akwai wurin da shanu ke haye ruwa, makiyayi ya saɓa ɗan maraƙi a baya, uwar tana miƙo wuya tana binsa, sauran garken na biye da ita. Ɗana ya ce haka Fulanin garinmu suke yi, ya ƙi matsawa daga wurin. Kusa da nan, a Mit Rahina, akwai ƙaton mutum-mutumin Sarki Ramsis na biyu a kwance cikin rumfa, tsawonsa wajen mita 10, ana kallonsa a inuwa ba tare da wahala ba.

Na san yaranki za su tambaye ki Fir'aunan Annabi Musa, nawa ma da shi suka dame ni. Ki sani cewa masu dalar Giza sun riga Ramsis na biyu da fiye da shekara 1,000, kuma masana sun saɓa a kan wanne sarki ne aka nutsar, wasu suna cewa Ramsis, wasu ɗansa Marnaftah, saboda haka kada ki bari ɗan jagora ya yanke wa yara abin da bai tabbata ba. Gawarwakin sarakunan tun watan Afrilu na 2021 aka mayar da su gidan tarihi na Fusɗaɗ a Alƙahira, su 22 har da na sarauniyoyi, a wani zaure na ƙasa mai duhu-duhu. Babbar 'yata ta shiga mun karanta ayar nan ta tsirar da jikin Fir'auna ta cikin Suratu Yunus tare, ƙaramin kuwa na bar shi waje da mahaifinsa don mai tsoro ne, kuma kin fi kowa sanin naki.

Maganar raƙumi, ku gama ciniki kafin yaro ya hau, ku fayyace cewa kuɗin ya haɗa da hawa da sauka, kuma ba a biya sai ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya ɗora wa yaro rawani ko ya miƙa masa ɗan gunki ya ce kyauta ce, ki mayar masa nan take. Ki tafi da katin banki mai aiki a waje, domin wuraren tikiti da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi, sannan ki riƙe canjin fam, kuɗin Masar, don banɗaki. Idan ranar ganin likitan tana hannunku, tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi sauƙi. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa ki kasance a bakin ƙofa lokacin buɗewa, ki bar wurin kafin azahar. Magani kowane iri ne ya zauna a jikinki, ko da wa ya ce ki ajiye. Hajiya kuma ku bar ta ta huta a masauki, filin ba na mai jinya ba ne.

Ki rubuta wa ɗan jagoran tun kafin ku haɗu cewa babu shagon bardi, babu na turare, kufai za a fara zuwa, za a tsaya salla, kuma rabin kuɗi sai an dawo. Idan ya fara kame-kame ki nemi wani, suna da yawa. Ki faɗa mini shekarun yaran da watan da za ku tafi, sai in gaya miki ko Giza da Saƙƙara za su haɗu muku a rana ɗaya ko gara ki raba su.