Me ya sa dinarin Kuwait ya fi dala tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, a wajen 'yan canji na ji ana cewa duk duniya babu kuɗin da ya kai dinarin Kuwait daraja, har ya ninka dalar Amurka sau uku. Ke nan Kuwait ta fi Amurka arziki? In kuma man fetur ne sirrin, ai mu ma muna da shi. Na yi tambayar ne saboda wani dillali ya ce zai kai ƙanena aiki can. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yan canjin sun faɗi gaskiya, Malam. Dinari ɗaya yana sayen dala uku da 'yan kai, kuma ya daɗe a haka. Sai dai lambar da ke jikin takardar kuɗi ba ta auna arzikin ƙasa. Dala ɗaya tana sayen yen ɗin Japan fiye da 100, amma wa zai haɗa tattalin arzikin Japan da na Kuwait? Ghana ta goge sifili huɗu daga kuɗinta sidi a 2007, ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwanon masara a gida.

Dinarin da tsadarsa aka haife shi. A 1961, shekarar da Kuwait ta samu 'yanci daga Birtaniya, aka daina amfani da kuɗin rupi na Indiya da ke yawo a yankin, aka buga dinari, aka ce darajarsa daidai da fam ɗaya na Ingila. Da yake ya yi nauyi, sai aka raba shi gida 1,000, kowane ana kiransa filsi, har akwai takardar rabin dinari da ta kwata. Yanke wa kuɗi farashi ba wuya, kowace gwamnati tana iyawa. Naira ma ta fi dala tsada a 1980. Wuyar aikin ita ce riƙe farashin shekara da shekaru, wato duk wanda ya kawo dinari yana neman kuɗin waje babban banki ya iya ba shi. Nan ne Kuwait ta yi zarra.

Dubi ƙasar kanta. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 18,000 ba, jihar Kano ta fi ta girma. Tana can ƙuryar Tekun Fasha, Iraki ta arewa, Saudiyya ta kudu, hamada ce shimfiɗe babu kogi ko ɗaya mai gudana. Kafin mai, da nutso a teku neman lu'ulu'u da fatauci a jiragen katako mutanen suke ci. Ruwan sha ma a jirgi ake ɗauko shi daga kogin Shaɗɗul Arab da ke kudancin Iraki, a zuba a salka a bi gida-gida ana sayarwa. Da Japanawa suka gano dabarar kiwon lu'ulu'u, kasuwar ta mutu a shekarun 1930, gari ya shiga yunwa. Ana cikin haka aka tono mai a Burgan a 1938, aka fara fitar da shi a 1946. Yau ruwan teku suke tacewa su sha, zafi kuwa sai wanda ya gani: a Yulin 2016 an auna digiri 53.9 a Mitriba.

Yanzu ga lissafin da ya amsa maganarka ta "mu ma muna da shi". Man da ke kwance a ƙarƙashin Kuwait ya kai ganga biliyan 101, na Najeriya kusan biliyan 37. Kuwait tana haƙo wajen ganga miliyan biyu da rabi a rana, 'yan ƙasa kuwa wajen miliyan ɗaya da rabi ne kawai. Kowane ɗan ƙasa, har jaririn goye, gangarsa ta fi ɗaya a kullum. A Najeriya mutum fiye da 100 ne ke kan ganga guda. Tuwon iri ɗaya ne, hannuwan da ke cikin akushin ne suka bambanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne adashen da suka yi wa jikokinsu. Tun 1953, kafin 'yanci, suka buɗe ofishin zuba jari a Landan, wanda ake ɗauka shi ne asusun ajiyar ƙasa mafi daɗewa a duniya. A 1976 suka kafa asusun 'yan baya, dokar wancan lokaci ta ce a riƙa zuba masa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati duk shekara. Ranar wanka ta zo a 2 ga Agustan 1990, da Saddam Husaini ya mamaye ƙasar. Sojojinsa sun kwashe takardun dinari daga babban banki, da za su fita kuma suka cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta, ba a gama kashewa ba sai Nuwamban 1991. Gwamnati tana gudun hijira a Saudiyya, da wannan ajiya ta waje ta riƙe mutanenta. Da aka dawo aka buga sababbin takardu, waɗanda aka sace suka zama takardar tsire.

Mulkin yana hannun gidan Al Sabah tun tsakiyar ƙarni na 18. Tsarin mulkin 1962 ya kawo majalisa mai zaɓaɓɓun wakilai 50, wadda ta yi suna a yankin wajen titsiye ministoci, mata kuma sun samu damar zaɓe a 2005. Amma rigimar majalisa da gwamnati ta yi ta tsayar da ayyuka, har a Mayun 2024 Sarki Mish'al al-Ahmad ya rushe ta, ya jingine wasu sassan tsarin mulki na tsawon da bai wuce shekara huɗu ba. Ɗan ƙasa ba ya biyan harajin albashi, mafi yawansu gwamnati suke yi wa aiki, kusan kashi 90 na kuɗin shiga daga mai yake fitowa. Shi ya sa da farashin mai ya faɗi a 2014 kasafin ya yi shekaru yana giɓi.

Sai batun ƙanenka. Kusan kashi 70 na mazauna Kuwait baƙi ne, Indiyawa da Misirawa a gaba, su ne direbobi, birkiloli, masu jinya da 'yan aikin gida. Albashi mafi ƙanƙanta da aka ƙayyade a kamfanoni a 2017 dinari 75 ne a wata. In dillali ya juya maka shi zuwa naira sai ka ji daɗi, amma da dinarin za a sayi abinci a can, da shi za a biya mota. Izinin zama kuma a hannun kafili yake, wato wanda ya ɗauko ka, canza wurin aiki ba da yardarsa ba abu ne mai wuya. A Yunin 2024 gobara ta kashe ma'aikata kusan 50 a wani bene da aka cunkusa su a unguwar Mangaf. Kafin ku sayar da gona ku ba dillali, ku nemi ganin takardar kwantiragi da sunan kamfanin da adadin albashin a rubuce, ku tambaya wa zai biya masauki. Ku kuma duba irin bizar: mai lamba 18 ta aikin kamfani ce, mai lamba 20 ta aikin gida ce, kuma dokar da ta shafe su ba ɗaya ba ce.