Ɗan ƙasa da talakan sarki: ina bambancin yake?

Tambaya: Mutanen Ingila suna da sarki, to talakawansa ne su ko 'yan ƙasa? Mu kuma 'yan Najeriya da muke jamhuriya, ga sarakuna a garuruwanmu, wane suna ya dace da mu?

Amsa: Talaka a nan ba mara kuɗi ake nufi ba, wanda ke ƙarƙashin ikon sarki ake nufi, ko da attajiri ne. Alaƙarsa da sarki ta mubaya'a ce: ya yi biyayya, ya biya haraji, sarki ya kare shi. Abin da ya samu alfarma ce, wanda ya ba shi yana iya karɓewa. Ɗan ƙasa kuwa haƙƙinsa a rubuce yake cikin doka. Yana zaɓe, ana zaɓensa, yana kai gwamnati kotu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka rawani ne ma'auni. Birtaniya masarauta ce, amma tun da dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta fara aiki a Janairun 1983, 'yan ƙasa ake kiran mutanenta a hukumance, kuma majalisar da suka zaɓa ce ke yin doka. Faransa kuma, da ta daɗe da sallamar sarauta, ta riƙe talakawa a ƙasashen da ta mallaka. Mutumin Damagaram ko Maraɗi a lokacin ba shi da ƙuri'a, kwamanda, wato jami'in mulkin mallaka, na iya tsare shi ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba, ga aikin tilas. A Afirka ta Yamma, 'yan garuruwa huɗu na Senegal, wato Dakar, Saint-Louis, Gorée da Rufisque, su aka ware da matsayin ɗan ƙasa, sai ɗaiɗaikun da aka ba bisa sharuɗɗa. Dokar 1946 mai sunan Lamine Guèye, ɗan majalisa daga Senegal, ce ta shigar da sauran, duk da haka ƙuri'a ga kowa sai a 1956.

Turawan Ingila ma sun raba mu gida biyu: haifaffen Legas talakan Sarkin Ingila ne, ɗan Arewa kuwa wanda ake bai wa kariya ne kawai. Bayan 1 ga Oktoba 1960 'yan Najeriya sun zama 'yan ƙasa, alhali Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasa har 1963.

A yau tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da hanya uku na zama ɗan ƙasa: haihuwa a sashe na 25, rajista a na 26, sai nema bayan zaman shekara 15 a na 27. Sarki ba ya cikin masu bayarwa ko ƙwacewa. Idan ka faɗi gabansa ka ce ranka ya daɗe, ladabi ne da al'ada, doka ba ta tilasta maka ba. Shi ma ɗan ƙasa ne: da aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II a Maris 2020 aka kai shi jihar Nasarawa, kotun tarayya ya nufa, ta kuwa ce tsare shi a can ya saɓa wa tsarin mulki.