Yadda ake karanta hasken tauraruwa mai wutsiya

Ɗanlami, ka ce mu nan sai an kawo mana dutse daga Bukuru, mun niƙa mun narkar, kafin mu ce akwai kuza a ciki. To ta yaya masana ke sanin abin da ke cikin tauraruwa mai wutsiya alhali ba su taɓa ta ba?

Ai sana'armu ɗaya da su. Barbaɗa gishiri a harshen wutar gas, za ka ga rawaya. Sa wayar jan ƙarfe, ka ga kore. Kowane sinadari da launinsa, ba ya aron na wani. Na'urar da ke gabanka baje haske kawai take yi kamar bakan gizo, ta auna inda kowane layi ya faɗo. Rawayar gishirin nan, wato sodiyam, a nanomita 589 take (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), ko a Jos ko a sararin samaniya. Bunsen da Kirchhoff ne suka kafa wannan a Jamus wajen 1860, sannan a 1864 Donati na Italiya ya fara gwada shi kan tauraruwa mai wutsiya.

Mu wuta muke kunnawa, su kuwa rana ce ke yi musu aikin. In tauraruwar ta matso kusa da rana, ƙanƙarar jikinta sai ta zama iska, iskar ta sha haske ta sake fitar da shi. Koren da ake gani a kanta na kabon ne, ƙwaya biyu a haɗe, wajen nanomita 516. Akwai kuma sayanojin, wata iska mai guba, a 388. Shi ne ya ɗaga hankalin mutane a 1910 da aka ce duniya za ta ratsa wutsiyar tauraruwar da ake kira Halley, har wasu suka yi ta sayen maganin guba. Ba abin da ya samu kowa.

Amma ka buɗe kunne a nan, don nan yara ke faɗawa. Yawancin abin da layukan ke nunawa ɓaraguzai ne, rana ta riga ta farfasa na asalin. Ruwa ne ya fi yawa a ƙanƙarar, amma da wuya a gan shi daga ƙasa, saboda iskarmu ma cike take da tururi. Sai su nemi gutsurensa, oksijin ɗaya da haidirojin ɗaya, a nanomita 308, su lissafa baya. Ga kuma ƙurar tauraruwar da ke dawo da hasken rana, dole a cire wannan tukuna, in ba haka ba ranar za ka auna.

Shi ya sa nake matsa maka kan saiti. Su ma kafin su duba sama sai sun haska fitilar da suka san layukanta, irin ta niyon. Gobe da safe kada ka taɓa samfurin kowa sai ka gwada namu na ma'auni, ka kawo min takardar in gani.