An cire harajin kwastam a kan kayan haɗa magani, me ya hana farashi sauka?

Tambaya: Ni mai ƙaramin kemis ne a Kano. Mun ji a 2024 cewa gwamnatin tarayya ta cire harajin kwastam a kan kayan magani, amma har yanzu idan muka je sari, farashi bai koma yadda muka san shi ba, masu saye kuma suna zargin mu ne muke tsawwala musu. Shin da gaske an cire harajin? Kuma me ya sa ƙasashen duniya ba su taru sun soke haraji a kan magani baki ɗaya ba, tunda rai ne a ciki?

Amsa: Malam, da gaske ne an cire, sai dai ba a kan abin da yawancin mutane suka ɗauka ba. A ƙarshen watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan wani umarni, wanda Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya bayyana, da ya ɗauke kuɗin fito da harajin VAT na tsawon shekara 2 a kan injuna da sinadarai da sauran kayan da masana'antun cikin gida ke shigowa da su don haɗa magani da sirinji da gidan sauro da kayan gwaji. Masu masana'anta aka yi wa sassaucin, ba masu shigo da kwalin magani da aka gama haɗawa a Indiya ko Sin ba. Hukumar Kwastam ma ba ta fara aiki da umarnin ba sai a 2025, bayan an kammala tantance kamfanonin da suka cancanta, don haka watanni da dama sun wuce yana kan takarda kawai.

Dalilin da ya sa aka nufi masana'antu yana da tarihi. Tun 2015 ƙasashen ECOWAS suke bin jadawalin haraji guda a kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin, mai hawa biyar: kashi 0, da 5, da 10, da 20, da 35 cikin ɗari. An sanya magani a hawan farko, cikin kayan da jama'a ba za su iya rayuwa babu su ba, kuma niyyar mai kyau ce. Amma da yawa daga cikin kayan da ake haɗa maganin da su da waɗanda ake naɗe shi da su, kamar kwalabe da kwali da takardar gorar da ake lulluɓe ƙwaya, sun faɗa hawan da ake biyan haraji. Sai ya zama wanda ya kawo gamammen magani daga waje ya wuce kyauta, wanda kuwa ya kafa masana'anta a Legas ko Ota ya ɗauki ma'aikata, shi ne ke biya. Masu masana'antu sun yi ta kuka da wannan, har a 2016 gwamnati ta ɗora ƙarin haraji na kashi 20 a kan wasu rukunan magungunan da ake shigowa da su. Akwai kuma magungunan da Najeriya ta haramta shigo da su gaba ɗaya saboda ana iya yin su a gida, irin su farasitamol da asfirin da kulorokwin da metronidazol. Umarnin 2024 ƙoƙari ne na gyara wancan karkataccen tsari, kuma a ganina gyara ne da ya dace, wanda ya kamata a ce an yi shi shekaru da dama da suka wuce.

Abin da ya hana ka ganin sauƙi a wajen sari shi ne, haraji ƙaramin yanki ne na farashin magani, babban yankin kuwa canjin kuɗi ne. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460, amma bayan an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Mu ɗauki misali kawai: sinadarin dala 100 da ake saye a kan naira 46,000 ya koma naira 150,000. Idan harajin da ke kansa kashi 5 ne, cire shi zai rage naira 7,500, alhali canji ya ƙara sama da naira dubu 100. Ragin gaskiya ne, amma ya nutse cikin ƙarin. Ka haɗa da kuɗin jirgin ruwa, da kuɗin ajiya idan kwantena ta daɗe a tashar Apapa, da gas ɗin da masana'anta ke ƙonawa saboda rashin wuta, da ruwan bashin banki, da kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, sannan ribar kowane dillali da kayan suka bi ta hannunsa. A daidai wannan lokacin ne kuma kamfanin magunguna na Birtaniya GSK ya sanar, a watan Agustan 2023, cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, kamfanin magunguna na Faransa Sanofi ma ya bi sahu a ƙarshen shekarar, abin da ya sa wasu magungunan da likitoci suka saba rubutawa suka yi ƙaranci, farashinsu ya ninka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da umarnin cire haraji zai iya taɓawa.

Game da tambayarka ta biyu, an taɓa gwada abin da ka faɗa, amma ba kowa ne ya shiga ba. Lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, a 1995, wasu ƙasashe masu arziki sun ƙulla yarjejeniyar soke haraji a kan magunguna da yawancin sinadaransu. Cikinsu akwai Amurka da Tarayyar Turai da Japan da Kanada da Suwizalan da Norway. Waɗannan su ne manyan masu sayar da magani a lokacin, saboda haka buɗe kasuwa riba ce a gare su. Indiya da Sin ba sa cikin yarjejeniyar, kuma su ne a yau suke ciyar da duniya da magunguna masu araha da sinadaran haɗa su. Indiya ta gina masana'antunta ne a bayan katangar kariya, musamman da dokarta ta 1970 wadda ta ƙi ba da haƙƙin mallaka a kan ƙwayar magani ita kanta, sai a kan hanyar haɗa ta, har zuwa 2005. Ƙasar da ke son ta bi sawun Indiya ba za ta yi saurin yarda ta ɗaure hannunta da alƙawarin soke haraji har abada ba.

Duk da haka, harajin magani a duniya bai kai yadda ake zato ba. Rahoton da WTO ta fitar a watan Afrilun 2020 ya nuna matsakaicin haraji a kan kayan lafiya gaba ɗaya kashi 4.8 ne, na magani kuwa kashi 2.1. Inda nauyin ya taru shi ne kayan kariya, irin su takunkumin fuska da sabulun wanke hannu, da matsakaicinsu ya kai kashi 11.5, domin kwastam tana lissafa su cikin tufafi ko roba ko kayan wanka, ba ta kallon su a matsayin kayan asibiti. Afirka ta san wannan matsala tun kafin korona: a taron Abuja na watan Afrilun 2000 kan zazzaɓin cizon sauro, shugabanni sun yi alƙawarin rage ko cire haraji a kan gidan sauro da maganin feshi, saboda ana ɗora wa gidan sauro haraji kamar yadin ɗinki.

Annobar korona ta koya wa masu tsara manufofi cewa akwai abin da ya fi haraji haɗari, wato ƙasar da ke sayarwa ta rufe ƙofarta. A watan Maris na 2020 Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, har da farasitamol, sannan a 2021 ta dakatar da fitar da rigakafin korona lokacin da cutar ta yi mata tsanani, shirin COVAX na raba rigakafin ga ƙasashen duniya, wanda ƙasashen Afirka suka dogara da shi, ya gamu da babban cikas. Ƙasar da ba ta karɓar ko sisi na haraji ma ba ta samu kayan ba, domin babu mai sayar mata. Tun daga nan magana ta juya daga araha zuwa tsaro, har a wajen waɗanda suka fi kowa wa'azin buɗe kasuwa. A 2024 gwamnatin Biden ta ɗora harajin kashi 100 a kan sirinji da allurar da ke shiga Amurka daga Sin, a watan Satumban 2025 kuma Shugaba Trump ya sanar da niyyar ɗora kashi 100 a kan magunguna masu haƙƙin mallaka na kamfanonin da ba sa gina masana'anta a Amurka. Ga shi Amurka tana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar soke harajin tun farko.

Ra'ayina shi ne, bai kamata a karɓi haraji a kan maganin da ƙasa ba ta iya yi ba, kamar insulin da yawancin magungunan cutar kansa, domin wannan haraji ne a kan marar lafiya tsantsa, babu wata masana'anta da yake karewa. Haka ma sinadarai da injuna. Kariya kuwa, idan za a ba masana'antun gida a kan abin da suke iya wadatar da kasuwa da shi, a ba su da wa'adi da sharaɗin inganci da NAFDAC za ta riƙa bibiya, domin haraji mai tsanani da ba shi da ranar ƙarewa yana buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri hanya, kuma ta wannan hanya jabun magani ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane goma na kayan magani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marar inganci. Wa'adin shekara 2 kuma ya yi kaɗan ga mai shirin zuba kuɗi a masana'antar sinadarai, wadda gininta da samun amincewar hukumomi kaɗai kan ci fiye da haka.

A shagonka, inda ya kamata ka fara neman sauƙin shi ne magungunan da aka haɗa a cikin gida, domin su ne umarnin ya shafa. Ka duba adireshin masana'anta da lambar NAFDAC a jikin kwali, ka kwatanta farashin sarinsu da na takwarorinsu na waje masu sinadari iri ɗaya, ka kuma riƙa ajiye rasit ɗin sarinka don nuna wa mai sayen da ya zarge ka da tsawwalawa.