Fedar babbar ganga: amsar tambayarka ta jiya

Kai yaro, jiya muna rufe shago ka tambaye ni wace feda, wato abin da ake takawa guduma ta bugi babbar ganga, za ka ba mutanen cocin nan na Agege da suka zo neman kayan ganga: mai sarƙa ɗaya, mai sarƙa biyu, ko wadda ka gani a waya mai ƙarfe miƙe babu sarƙa. Ban tanka maka ba, don tambayar ta fama min wani miki da bai warke ba har yau. Yanzu zauna ka ji.

Lokacin ba ka zo Ikko ba, ina da feda guda da nake ji da ita kamar ɗan fari, DW 5000 mai sarƙa biyu. Tokumbo ce, a kasuwar Alaba na saye ta bayan na yi wata biyar ina adashe. In ka ja gudumar baya ka saki, sai ta yi ta lilo ita kaɗai ba ƙara ba kuka. Makaɗa daga Mushin da Surulere saboda ita suke zuwa haya wurina.

Wata Alhamis wani mutum ya shigo, babbar riga sai ƙamshi, ya ce bikin 'yarsa za a yi a Ikorodu, kwana uku, yana son saiti cikakke. Ya biya rabin kuɗi ba ciniki. Da ya kamata wannan ya sa na tsargu, domin mutumin Ikko da bai taya ba akwai abin da ya taka. Ran Lahadi da dare ya dawo da kayan, ana tsuga ruwa, an ɗauke wuta. Na haska tocila na ƙirga: ganguna biyar, sitan huɗu na ɗora farantan kiɗa, kujera, feda a jakarta. Na leƙa, kala ɗaya, suna ɗaya a jiki. Na yi masa godiya, har bakin mota na raka shi da lema.

Mako guda bayan haka na ba wani makaɗi haya, mutumin da ya fi shekara shida yana ciniki da ni. Ana tsakiyar wasa a Surulere, amarya na fili ana mata liƙi, mahaɗin dunduniyar fedar ya karye ɓaras. Babbar ganga ta yi shiru, kuma in ta yi shiru rawa ta mutu. Ya kawo min gutsattsarin a leda da asuba. Da na juya su a hannu sai na ga ƙarfen zubi ne mai ramuka a ciki kamar burodi, wanda ko walda ba ya karɓa. Inda boris ya kamata ya zauna, roba ce aka cusa. Mai babbar riga ya ɗauke tawa ya sa min jabu. Na mayar wa makaɗin kuɗinsa, na ƙara masa da na ban haƙuri, ya karɓa, bai sake tako shagon nan ba. Sau biyu ina shiga danfo zuwa Ikorodu, cunkoso tun daga Ketu, na yini ina neman gidan da ya rubuta min. Kango na tarar, awaki na kwance a ciki. Kuɗin fedar ban damu da shi kamar sunana da ya ɓaci a bakin makaɗa ba. Wallahi har gobe in na ga mai irin tafiyarsa a hanya sai na waiwaya.

Tun daga ranar duk ƙarfen da ke shagon nan na buga masa ɗigo uku da ƙusa a ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa. Ka sha gani ba ka taɓa tambaya ba. Ku yaran yanzu suna kuke karantawa a jikin kaya, hannu kuwa yana aljihu riƙe da waya.

To, ga mutanen cocin. Ka ba su mai sarƙa biyu, wadda ke zaune a kan faffaɗan farantin ƙarfe. Gangar coci ƙafa goma ke taka ta a mako, da gwani da ɗan koyo, kowa da nauyinsa. Sarƙa biyu tana hana matakin karkata hagu da dama, farantin kuma yana hana fedar rawa a ƙasa. Mai sarƙa ɗaya ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, ta mai ganga ɗaya ce da ya san kayansa. Ita wadda ka gani a waya, mai ƙarfe miƙe, ba ta da sako-sako ko kaɗan, abin da ƙafa ta yi shi guduma ke yi, amma wanda bai saba ba zai ce maka ta lalace. Kuma ba sabon abu ba ce kamar yadda kuke zato. Speed King ta kamfanin Ludwig haka take tun zamanin kakanni, kuma shi Ludwig ɗin tun 1909 ya fito da fedarsa a Chicago.

Ka duba ƙarfen da sarƙa ke naɗewa a kansa. In zagayayye ne, tafiyar guduma ɗaya ce daga farko har ƙarshe. In mai doro ne, tana ƙara gudu dab da za ta sauka a fata, bugu ya fi ƙarfi. Kamfanin Tama suna yin fedarsu Iron Cobra iri biyun, Eliminator ta kamfanin Pearl kuma ana canja mata shi. Kafin ka biya ko kwabo, kama matakin ka girgiza gefe da gefe. In ya yi ƙwal-ƙwal, ajiye. Ja gudumar ka saki ka ga ko za ta yi lilo. Yadda ake ɗaure ta a bakin ganga da ɗaure sifirin ba zan ɓata bakina ba, wanda ya shekara a shagon nan bai iya wannan ba ya koma tallan ruwa.

Kada su ruɗe ka da feda biyu, wadda ake takawa da ƙafa biyu. Kowane yaro yau ita yake so, alhali ƙafarsa ɗaya ba ta iya riƙe kiɗa na minti biyar ba. Tony Allen, da aka haifa a garin nan a 1940, ya yi wa Fela kiɗa shekara da shekaru, duniya ta san shi, kuma aikin ƙafarsa ta hagu a kan hai-hat yake, wato farantan kiɗa biyun nan da ake haɗawa da ƙafa. Sandar da ke haɗa feda biyun ma ita ce ke fara sakwarkwacewa.

Sitan kuwa, ka zaɓi mai ƙafafu masu ƙarfe biyu-biyu. Ka tabbata akwai 'yar robar nan da soso a inda farantin kiɗa ke zama, in babu, zaren ƙarfe zai ci ramin farantin har ya tsage, kuma faranti mai kyau ya fi sitan ɗin tsada. Iskar Ikko gishiri ce da laima, tsatsa ba ta jira. Giris a zaren noti, tsumma bayan kowace haya. Kujera ma kada ka ba su mai rawa.

Gobe ka yi sammako zuwa Alaba kafin hanyar Ojo ta cushe. Ka zaɓo feda uku, ka ce wa mai shagon ni na aiko ka, biyu za su dawo. In ka iso, juya su za ka fara yi a gabana, da rana, a bakin ƙofa.