Kafin a sayar da filin Baba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin tattalin arziki a Jami'ar Jos, kana son zuwa Ingila yin na biyu don ka dawo a riƙa jin bakinka a manufofin gwamnati, kuma in zame maka jagora. Na amince. Amma maganar sayar da filin Baba don biyan kuɗin karatun, don Allah a bar ta.

A jami'o'i da yawa kuɗin makaranta kaɗai ya haura fam 20,000, ban da haya da abinci. Nemi tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening ko Commonwealth. Chevening na son ka yi aiki na shekara biyu tukuna, ka kuma koma gida shekara biyu bayan kammalawa. Tun Janairun 2024 ma, yawancin masu irin wannan karatun ba sa zuwa da iyali.

Makona na farko a jami'a a nan Ingila, malamata ta tambaye ni wace tambaya na taho da ita daga gida. Na yi tsuru-tsuru. Zafin kishi nake da shi, ba tambaya. Har yau abin yana mini ciwo, shi ya sa ba na son ka zo haka.

Ga tambayar nan a ƙofar gidanku. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin kwanaki. Wa ya ɗauki nauyin? Je ka kasuwar Farin Gada da ke Jos da ɗan littafi. Nawa manomin Bokkos ko Mangu ya sayar da buhun dankali, nawa direba ya karɓa, nawa dillali ya ci, nawa mai kasawa a faranti ta samu? Kowane mako, wata shida. Sai ka gwada da farashin abincin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa. Ka koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma, kyauta ce, ka kuma farfaɗo da lissafinka, don a nan shi ke kayar da namu.

Gwagwarmaya kuwa, dubi su Hamzat Lawal. A 2012 suka bi sawun kuɗin kwashe gubar dalma a Bagega ta Zamfara, suka matsa har aka saki kuɗin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar tambayar ma'aikata a rubuce.

Kada ka tsaya a kaina ni kaɗai. Cibiyar nazarin manufofi ta Kuru na nan kusa da kai, ga malamanka na jami'a. In za ka je wurinsu, kada ka je da "a taimaka mini" kawai. Riƙe shafi biyu na aikinka.

Asabar ka yi sammako, kafin motoci su gama sauke kaya. Abin da ka rubuto ka turo mini, mu duba tare. Gaishe da Mama.